Wa Ke Buɗe Motar Abba?

Auta ta zagaya motar nan har ta gaji, tana jan hannun kowace ƙofa ko ɗaya za ta ji tausayinta. Ga rimot can a kan kujerar direba kusa da jakarta, tana kallonsa ta gilashi amma ba halin taɓawa. Motar Abbanta ce, wadda yake lallaɓawa kamar ƙwai, yau ne kuma karon farko da ya yarda ta zo da ita asibitin da take aikin ba da magani.

"Baiwar Allah, in kika ɓalle hannun ƙofar nan, mai motar ba zai yafe miki ba."

Ta waiga. Wani dogon saurayi ne, hannunsa na hagu naɗe da bandeji, yana ta fama da dariyar da ke neman ƙwace masa.

"Makullin na rufe a ciki," ta ce.

Ya nuna mata wasu 'yan maɓallai da ke jere a jikin ƙofar direba. "Kira mai motar ya faɗa miki lambar sirrin. Ki danna a nan, za ta buɗe."

"Waɗannan? Wallahi na ɗauka ado ne."

Abba sai da ya gama faɗansa tas a waya kafin ya karanto mata lambar. Ta danna ɗaya bayan ɗaya, ƙofa ta ce ƙwas. Auta ta dafe ƙirji, ta sauke ajiyar zuciyar da har saurayin sai da ya ji.

"To Sarkin Mantuwa," ya ce, "nima a taimake ni. Ina ake karɓar magani a asibitin nan?"

Ta yi murmushi. "Biyo ni. Wurina za ka karɓa."

Malamin motsa jiki ne a wata makaranta, kowa Dogo yake ce masa. Hannu ya warke tuntuni, amma Dogo bai daina zuwa tagar magani ba, har abokan aikin Auta suka fara tambayarsa ko ciwon ya koma zuciya ne. Da yamma kuwa wayarta ba ta hutawa.

"Sarkin Mantuwa, yau me kika manta?"

"Ban manta komai ba, Dogona."

"Kin manta ba ki ce kina kewata ba."

Da yake yana riga ta tashi daga aiki, sai Auta ta ba shi lambar sirrin motar, don ya riƙa ajiye mata ɗan lemo mai sanyi ko alewa a kujera kafin ta fito. Da farko ya ƙi.

"Motar Abba ce fa. Ba daidai ba ne in san lambarta bai sani ba."

"Ni na ba ka," ta ce tana tura baki. Dogo kuwa ba ya iya musu da wannan bakin.

Abba bai ƙi Dogo ba da ya zo gaisuwa, amma bai sakar masa fuska ba. Ransa na wajen ɗan ƙanwarsa, wanda 'yan gidan ke kira Ɗan Gwaggo, mai shagon kujeru. Shi ma ya san hanyar zuciyar kawunsa. Rannan sai ga shi da wata ƙatuwar kujera mai laushi, irin wadda in mutum ya zauna sai ya nutse gwiwoyinsa su taso. Aka ajiye ta a falo, jikin tagar da ke kallon inda ake faka mota. Tun daga ranar, Abba na gama cin abincin rana sai ya faɗa cikinta.

A 'yan kwanakin ne kuma abu ya fara faruwa. Ranakun da motar ke gida, Abba zai kulle ta da hannunsa, ya jefa rimot a aljihun wando, amma in ya fito da yamma sai ya tarar da ita a buɗe, gilasai duk a sauke. Ba a ɗauki komai ba. Ranar da ruwan sama ya jiƙa kujerun sharkaf, Abba ya tara gidan.

"Rimot na jikina. To wa ya san lambar ƙofar nan ban da ni da Auta?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ƙarya ba halinta ba ce. "Na faɗa wa Dogo, Abba. Amma wallahi..."

"Ai shi ke nan, Kawu," Ɗan Gwaggo ya yi caraf. "Gwaji yake yi. Yau gilashi, gobe motar gaba ɗaya."

Abba ya sa aka kira Dogo. A gaban Umma, da ƙanwarsa Gwaggo, da Ɗan Gwaggo, ya tambaye shi ko ya taɓa buɗe motar ba da izininsa ba.

Dogo na durƙushe ya ce, "Na taɓa, Abba, a asibiti. Kuskure ne, ka yafe mini. Amma a gidan nan ban taɓa ba."

"Wanda ya buɗe a can, shi zai buɗe a nan. Ba na ba ɓarawo 'yata. Tashi ka ba ni wuri."

Kalmar ta doki Dogo har sai da idanunsa suka kaɗa. Ya miƙe ya fita. Auta ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ta san ita ta jawo masa. Ta tura saƙo.

"Ka yafe mini, Dogona. Ni na sa aka kira ka da sunan da ba naka ba."

Amsa ta zo. "Ki daina kuka, ki ci abinci. Kada ki yi wa Abba musu. Ba zan zo ba sai ya kira ni da kansa. Ina nan, ba inda za ni."

Abba ya canza lambar sirrin, bai faɗa wa kowa ba, har Umma. Washegari da yamma ya fito, ya tarar da gilasai a ƙasa.

"Irin waɗannan yaran ba abin da ba su iya ba," in ji Ɗan Gwaggo. "Kawu, ka yi masa kwanto, ka kama shi dumu-dumu."

Shawarar ta yi wa Abba. Ranar hutu, bayan abincin rana, ya kulle mota, ya ja kowace ƙofa ya tabbatar, ya ɗauko sanda, ya ɗage labule kaɗan. Ya ce kowa ya zauna ya zama shaida, har Auta da idanunta suka kumbura. Sannan ya juya ya faɗa cikin kujerarsa.

Fitilun mota suka ƙyafta. Gilasai huɗu suka fara sauka a hankali, tsakar gida kuwa ko kyanwa babu.

"Innalillahi!" Gwaggo ta zabura ta maƙale a bayan Umma. "Yaya, motar nan da mutanen ɓoye a cikinta!"

Abba ya yunƙura zai tashi, gilasai suka tsaya cak a rabi. Kujera ta rinjaye shi ya koma, suka ci gaba da sauka.

Umma ta ƙura masa ido. "Abban Auta, sake tashi mu gani."

Ya tashi. Ya zauna. Fitilu suka sake ƙyaftawa.

"Me ke cikin aljihunka?"

Abba ya cusa hannu da ƙyar, ya zaro rimot. Ya juya shi, ya danna maɓallin buɗewa ya riƙe, ragowar gilashin ya ƙarasa shigewa. Ashe duk sanda ya nutse a kujerar, cikinsa da cinyarsa ke matse maɓallin.

"To ga ɓarawonka nan," in ji Umma tana nuna tumbinsa. "Tun da ka bar aiki nake ce maka wandon nan ya yi maka kaɗan."

Auta ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta zube a ƙasa tana ta hamdala. Wani nauyi da ta kwana da shi ta tashi da shi ya sauka daga ƙirjinta. Ɗan Gwaggo ya tuna yana da baƙi a shago.

"Zauna," Abba ya ce masa. "Ba wanda zai fita." Ya miƙa wa Auta hannu. "Ba ni wayarki."

Da yatsa ɗaya ya rubuta, yana gyara tabarau. "Abba ne. Ka zo yanzu, don Allah."

Dogo ya shigo a ɗarare, ya durƙusa a bakin ƙofa. Abba ya taka har inda yake, ya kama hannunsa ya miƙar da shi.

"A gaban mutanen nan na ce maka ɓarawo, a gabansu kuma zan ce na zalunce ka. Ka faɗi gaskiyar da ta cuce ka alhali kana iya ɓoyewa, ni kuma na kore ka da ita. Ka yafe mini, ɗana."

"Haba Abba, ai ba komai," Dogo ya ce.

"Da komai. Ka turo manyanka."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ɗan Gwaggo ma ya zo, ya sha tsokana har ya gaji ya shiga dariyar. Da za a tafi da amarya, Auta ta durƙusa a gaban Abba, ya ɗora hannu a kanta. Sannan ya dubi Dogo.

"Ga ta nan. Saura kaɗan in raba ta da mutumin kirki da hannuna, Allah bai nufa ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya tsare ku da zargin juna."

Umma ta ce amin, Gwaggo ta ce amin. Auta ta ɗago ido ta cikin mayafi ta dubi Dogonta, ta ga shi ma hawaye yake sharewa.