Layin da Baba Ya Ɓoye

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsaye ne a gaban allo, alli ya ɓata masa hannun riga har gwiwa. Ta makara, domin daga injin haɗa abincin kaji na Babanta ta taho, da ƙurar dusa a gefen mayafinta. Ajin ƙarshen mako ne na masu sana'a, shi kuwa sabon malamin lissafi ne, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube.

Ya zana wani fili mai kusurwoyi a allo. "Duk inda kuka tsaya a cikin filin nan, kun cika sharuɗɗa," in ji shi. "Amma amsar da ta fi kyau ba ta zama a tsakiya, a kusurwa take. Aikin hanyar simpleks shi ne ta ɗauke ku daga wannan kusurwa zuwa wadda ta fi ta, har ku kai inda babu mafi kyau."

Wannan magana ce ta sa ɗalibai suka raɗa masa Malam Kusurwa.

Auta ta ɗaga hannu tun kafin ta gama zama. "Malam, ina jiyo ka daga waje, kujeru da tebura kake ta ƙera mana. Mu abincin kaji muke haɗawa. Lissafinka ya san kaza?"

Aji ya tuntsire da dariya. Shi kuwa ya dube ta, ya ɗan daɗe yana duban.

"Bai san ta ba," ya ce. "Amma idan kika gabatar da su, za su saba."

Haka aka fara. Ta tambayi Baba abin da kaza mai ƙwai take bukata, ya faɗa mata a taƙaice, ta kawo wa Malam. Suka jera tebur na lambobi, wato jadawali: masara, waken suya, garin kifi da dusa a sama, kowane sharaɗi da layinsa. Ya koya mata ta duba layin ƙasa ta zaɓi lamba mai alamar ragi wadda ta fi girma, ta raba, ta ɗauki mafi ƙanƙanta, ta sake gina teburin a kanta. Auta ba ta da haƙuri da mutane, amma da lambobi sai ka rantse wata ce daban.

"Lissafin nan yana da biyayya, amma ba shi da wayo," ya gargaɗe ta. "Abin da kika faɗa masa kaɗai ya sani. Kin tabbata sharuɗɗan ke nan duka?"

"Baba ya ce su ke nan."

Kafin teburin ya kai ƙarshe, zukata sun riga shi isa. Wata yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Amsata, na duba duk kusurwoyin duniya, ban ga wadda ta fi inda kike ba. Na tsaya."

Ta mayar masa: "Malamina, ka tsaya da kyau. Ni ba na karɓar ɗalibin da yake canja amsa."

Baba dai bai ga abin sha'awa ba. Mutum ne da ya gina injinsa da guminsa, kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: kullum da sassafe, kafin ma'aikata su iso, yakan shiga ɗakin haɗi shi kaɗai ya rufe ƙofa. Mama takan ce addu'a yake yi wa injin. Ma'aikata kuwa sukan ce dusar Baba ta fi ta kowa nauyi da fari, su bar zancen a nan.

Shi Baba, ɗan dillalin masara yake so wa 'yarsa, wani mai fara'a da turare, wanda yake gaishe shi har ƙasa.

"Dole ba zan yi miki ba," ya ce mata. "Amma mai alli a aljihu, wanda bai taɓa ɗaga buhu ba, kada ki sa ran zan sa masa albarka."

"To zan jira, Baba," ta ce, idonta a ƙasa amma muryarta a tsaye. "Ba zan shiga gidansa babu albarkarka ba, kuma ba zan shiga gidan kowa ba sai nasa."

"Taurin kan nan ban san inda kika samo shi ba."

Mama ta yi tari daga ƙofar kicin.

Ana haka ciwon baya ya kwantar da Baba a asibiti. Kafin ya tafi ya sa aka tara dusa mai yawa a ɗakin haɗi, ya shiga ya rufe ƙofa kamar yadda ya saba, sannan ya damƙa wa Auta makullai. "Ki bi awona yadda yake," ya ce.

Ba ta bi ba. Teburinsu ya nuna cewa dusa ba ta da wani abin kirki a cikinta, a rage ta sosai a ƙara waken suya, kuma abincin zai fi gina jiki ba tare da ya yi tsada ba. Auta ta ga damar da za ta nuna wa Baba darajar mai alli, ta kuwa kama ta da hannu biyu.

Da farko kaji suka yi ɓul-ɓul. Daga baya sai masu gonaki suka fara zuwa da tiren ƙwai a hannu da ɓacin rai a fuska. Bawon ya yi laushi, ka ɗauka ya fashe maka a yatsu. Sunan da Baba ya yi shekaru yana ginawa ya shiga bakin mutane.

Ɗan dillali bai ɓata lokaci ba. Ya je gaida Baba da ledar lemo, ya zauna a bakin gado, ya zayyana masa komai, har da ƙari: wai malamin nan da gangan ya yi, don ya kashe injin ya buɗe nasa.

Daga ranar Malam Kusurwa ya ɗauke ƙafa. Auta ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta masa:

"Malamina, yau da nake cikin ruwa ne za ka ɓace? Ashe a allo kawai kake jarumi."

Sai da yamma amsa ta zo: "Ki yi haƙuri. Ki kula da Baba."

Ta yi kuka a bayan buhuna, kukan haushi, domin ba ta taɓa tsammanin matsoraci ta so ba. Mama ce ta same ta a wurin.

"Share fuskarki," in ji Mama. "Malamin nan da ƙafarsa ya je asibiti. Ya ce wa Babanki shi ya matsa miki ki canja awo, laifin duk nasa ne, kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara nemanki ba, don dai kada a ga baƙinki."

Auta ta miƙe. "Ƙarya ya yi wa kansa. Kuma ban ba shi izini ba."

Ta ɗauko teburin ta bi shi layi-layi, ba ta ga kuskure ba. Ta sake bi, haka. Sai maganarsa ta dawo mata, cewa lissafin abin da aka faɗa masa kaɗai ya sani. Ta dubi buhunan dusar nan masu nauyi da fari. Ta ɗebo ta watsa a bokitin ruwa ta motsa. Dusar ta taso sama, wani farin gari kuwa ya kwanta a ƙasa. A bayan tsofaffin buhuna ta iske inda yake fitowa: garin farin dutse, wanda yake sa bawon ƙwai ya yi ƙarfi. Garin nan ne Baba yake cakuɗawa cikin dusa kowace safiya don kada wani ya koyi sirrinsa. Da ta rage dusar, ta rage shi ba ta sani ba.

Ranar da aka sallamo Baba, ta bari ya huta, sannan ta ajiye bokitin a gabansa ta durƙusa.

"Baba, na saɓa maka, na canja awo. Wannan laifina ne, ni kaɗai, ba wanda ya matsa min. Amma na tambaye ka abin da kaza take bukata, ka ɓoye min layi guda. Lissafinsa bai yi ƙarya ba. Shi kuma ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya ɗora wa kansa, a daidai lokacin da wani yake kawo maka lemo da gulma. In za ka hana shi ni, ka hana, amma ba da wannan dalilin ba."

Baba ya dubi farin garin, ya dubi 'yarsa. "Sirrin sana'ata ne."

"Sirrin da kowane likitan dabbobi yake faɗa kyauta," in ji Mama. "Ni da na ɗauka addu'a kake yi."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tashi ya shige ɗaki.

Auta ta ɗauki waya ta rubuta wa Malam: "Alkawarin da ka yi wa Baba ban sa hannu ba, saboda haka bai hau kaina ba. Ina nan a kusurwata. Kai ne ka matsa."

Amsar ba ta jima ba: "Ban matsa ba, Amsata. Kunya ce ta rufe ni. Ina kewarki har alli ba ya kama allo."

Washegari da sassafe Baba ya aika a kira masa malamin. Ya iso yana ta sunkuyar da kai. Baba ya buɗe ɗakin haɗi, ɗakin da ko Mama ba ta taɓa shiga ba a wannan lokaci, ya ce Malam da Auta su shiga, ya biyo su ya rufe ƙofa.

"Ina allin naka? Ga bango. Rubuta."

Da bakinsa ya faɗi awon garin, da abin da kaza take bukata kafin bawo ya yi ƙarfi. Malam ya ƙara layin, ya ba garin nasa gurbi. Auta ta karɓi allin, tana raba lambobi tana sake gina teburin, Baba na tsaye da hannu a ƙugu yana kallon abin da bai gane ba a hannun 'yar da ya gane sarai.

"To ta yaya ake sanin an gama?" ya tambaya.

"Idan babu sauran alamar ragi a layin ƙasa, Baba," in ji Malam. "An kai inda babu mafi kyau ke nan."

"Duba min da kyau. Akwai saura?"

Malam ya bi layin da yatsa. "Babu."

"To ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da mayafi don kunya.

An ɗaura auren bayan ƙwai ya koma yadda yake, masu gonaki kuma sun dawo. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta ya daɗe bai sake ba.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai taurin kai a kan gaskiya," ya ce. "Kada ɗayanku ya ɓoye wa ɗaya layi."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Teburin yana nan a bangon ɗakin haɗi har yau. Baba ya hana a goge shi, kuma ya daina rufe ƙofar.