Ɓarawon da Ya Rayu Sakan Arba'in

Ni na riga kowa gani. Kafin Manaja ya ɗora hannu a ka, kafin Sufeto ya sauko daga mota, na san akwai lauje cikin naɗi. Shekara ashirin da shida ina gadin kamfanin nan. Na ga bayan manajoji huɗu, da gobara ɗaya, da ɓarayin da suka karya mini hannu amma ba su wuce ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma masu digirin da ke ciki 'yan'uwana ne a sana'a. Manhaja suke haɗawa mai gaya wa ƙofa wanda za ta buɗe wa da wanda za ta hana. Ni a kaina nake ajiye sunaye, su a wani abu wai rumbun bayanai.

Ranar Alhamis, ɗaya da rabi na rana, Manaja ya fito yana ihu. Sabon kwadon lantarkin da suka shekara biyu suna haɗawa, guda ɗaya tak, ya ɓace daga ɗakin ajiya. Kafin ya gama kiran 'yan sanda na garƙame ƙofar waje, na zauna a kan makulli.

Sufeto gajere ne, mai magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya tsaya gaban ɗakin ajiya yana ƙare wa ƙofar kallo.

"Ba a ɓalle ta ba. Wa ya buɗe?"

Manaja ya miƙa masa takarda. "Ƙofar tana rubuta duk wanda ya shiga, yallaɓai. Sha biyu daidai, Gwaji Bakwai."

"A kira mini shi."

"Ai babu shi. Mutumin ƙarya ne. Na yarinyar can ne."

Yarinyar can kuwa ita ce Mai Gwaji, wadda nake kira 'yata. Duk gidan ita kaɗai ke tsayawa ta tambayi ƙafata da safe. Ta zo ta tsaya a gaban Sufeto.

"Zauna," in ji Sufeto. "Yi mini bayani kamar ni ne Baba mai gadi."

Na ce, "Yallaɓai, to sai dai ta ƙara zurfi."

Ya yi dariya, ita ma ta ɗan saki jiki.

"Aikina in tabbatar rumbun yana riƙe doka," in ji ta. "Kullum sha biyu gwajin yana tashi da kansa. Ya rubuta cewa Gwaji Bakwai na iya shiga kowane ɗaki, ya duba ko dokar ta zauna, sannan ya goge ta, ya duba ko ta gogu. Sakan arba'in an gama."

"A sakan arba'in ɗin nan katinsa yana buɗe ƙofa?"

"Bai kamata ba. Rumbu biyu ne, na gwaji da na gaske. Nawa na gwaji ne, ba ruwan ƙofofi da shi."

"Ina katin?"

"Yana aljihun teburina." Ta janyo aljihun. Wayam.

"Ke kina ina da sha biyu?"

"A teburina."

Ya juyo. "Haka ne, Baba?"

Na ce haka ne. Allah ya yafe mini, wannan ce ƙarya ta uku da na yi a rayuwata, biyun farkon ma matata na yi wa.

Sufeto ya sa aka kira Mai Rumbu, babban injiniyan da rumbunan biyu ke hannunsa. Shi ya koya wa 'yata aiki. Mutum ne mai son cikinsa, kullum da ƙatuwar kular abinci yake zuwa, kuma kullum yakan rage mini. Sufeto ya ce ya duba inda gwajin yake rubutu. Ya danna, ya danna, ya share gumi.

"An juya shi, yallaɓai. Tun Litinin a rumbun gaske yake rubutawa."

"Wa ya juya?"

"Da sunan Manaja aka shiga. Takwas da minti goma na safe."

Manaja ya yi tsalle. "Ni? Kalmar sirrina ba wanda ya sani, ko uwar 'ya'yana!"

Sufeto ya shiga ofishin Manaja, ya ɗaga allon madannan kwamfuta. Ga 'yar takarda manne a ƙasa, an rubuta kalmar sirrin da jan biro.

"Ashe ita kaɗai ce ba ta sani ba," in ji shi.

Sai Manaja ya huce a kan 'yata. Gwajin nata ne, katin nata ne, ta kuma ce tana nan. Ya ce a tafi da ita. Na ga Sajan ɗin da ya rako Sufeto ya taɓa ankwa, na ji hannuna da aka karya ya fara zugi.

Sufeto ya fito wurina, ya ja benci ya zauna.

"Baba, kujerarka tana kallon hanyar ɗakin ajiya ta gilashi. An ce ko ƙuda ba ya wuce ka. Amma da na tambaye ka, ƙasa ka kalla."

"Amana ce, ɗana."

"Amanar za ta kwana a caji ofis."

Na kira ta na ce, "'Yata, ki yafe wa tsoho." Sannan na faɗa. Sha ɗaya da rabi ta fita, sai ƙarfe ɗaya ta dawo. Asibiti ta je awon ciki. Wata mai zuwa za a sabunta mata takardar aiki, tana tsoron in an sani a sallame ta.

Ta fashe da kuka, ta ciro katin asibiti daga jaka. Sufeto ya duba lokacin da aka buga a jiki.

"Kin ga ikon Allah," in ji shi. "Ke kaɗai ce ba kya cikin ginin, kika dage sai kin saka kanki a ciki. Baba, bayan sha biyu wa ya fita?"

"Ko kyankyaso."

"To kwadon yana nan. Ranar Litinin, takwas da minti goma, su wa suka iso?"

"Mai shara, ita kuwa ko wayarta ni nake danna mata, tun da wani mai karatu ya nuna mini sau ɗaya. Sai Mai Rumbu. Manaja sai tara saura ya shigo, yana zagin mai gyaran motarsa."

"Me kuma ka gani?"

Nan na gyara zama, domin abin da nake jira ke nan. Na ce kwana uku ke nan, da sha biyu, lokacin da Mai Rumbu ya saba buɗe kula, sai in hango shi a tsaye kusa da ɗakin ajiya yana kallon agogo. Yau kuma tun sha ɗaya ya juye mini abincinsa gaba ɗaya, bai taɓa ba, ya koma da kularsa. Shekara tara muna tare, bai taɓa ba ni fiye da rabi ba. Tun a lokacin na ce, wannan kular wani baƙo ake share wa ɗaki.

Sufeto ya koma ciki, ya ɗauki kular daga ƙarƙashin teburin Mai Rumbu, ya jinjina nauyinta, ya ajiye a gaban mai ita.

"Ka buɗe, ko in buɗe?"

Shi ya buɗe. Ga kwado naɗe a tawul, ga katin Gwaji Bakwai a gefe.

"Ni na zana shi, yallaɓai," in ji Mai Rumbu, muryarsa ƙasa ƙasa. "Aka cire sunana daga takardar mallakarsa. Wani kamfani ya ce in kawo su gani, za su ba ni matsayi. Na san gwajin yana goge dokar tas, na ɗauka ba abin da zai rage. Na manta ƙofar tana da nata littafin." Ya dubi 'yata. "Wallahi ban nufe ki da sharri ba, ƙanwata."

"Na sani, yaya," in ji ta. "Amma da ankwar ta fito ba ka yi magana ba."

Mai Rumbu ya miƙa wa Sajan hannu.

Ni na buɗe musu ƙofa. Da ya zo wucewa ya ce, "Baba, ka ƙoshi dai?" Na ce na ƙoshi, Allah ya sassauta. Idona ya yi ruwa, amma hayaƙin motar ne.

Sufeto ya leƙo ta taga ya kira Manaja. "Takardar aikin yarinyar nan fa?"

"Yau zan sa hannu, yallaɓai."

"A gaban Baba."

A gabana kuwa ya sa. Ban iya karatu ba, amma na riƙe takardar na daɗe ina dubawa, har sai da gumi ya karyo masa.

'Yata tana nan, ta yi nauyi, na hana ta hawa bene da kaya. Wanda ya ce ƙari na yi a labarin nan, ya zo gobe da safe ya tsaya a gabana. In ban faɗa masa abin da ke aljihunsa ba kafin ya gama gaisuwa, ya karɓi kujerar.