Ranar da Munzali Ya Ƙi Tashi

Tun da Baba Barau ya yi sallama gidan Inna Kubra da hantsin nan gaban Sa'adiyya ke faɗuwa. Yayan mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar uban, shi ne kuma waliyyinta. Mutum ne wanda in ya kafe a kan magana, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya sakewa. Daga Zandam ta ƙasar Gwaram ya taso don ya tafi da ita gida, saboda gobe manyan Munzali za su zo sa rana.

Inna Kubra, wadda Sa'adiyya ke zaune a wurinta a Birnin Kudu tana karatun jinya, ta dama masa fura, ta lallaɓe shi ta ce ko za su bari sai da safe. Ruwan nan kwana da kwanaki bai ɗauke ba, ga wani hadarin ya sake haɗowa baƙi ƙirin ta gabas. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce baƙi ba za su zo su tarar ba ya gida ba. Dama auren ba son sa yake yi ba, sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda ya ba direban tasha 'yar da ta kai kwaleji.

Tashar tana bakin ƙofar kwalejin, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Kowace Juma'a ɗalibai kan cika ta maƙil da jakunkuna, 'yan kamasho na ta kiran Gwaram da Kano, masu rake da masu dafaffen ƙwai na ratsa mutane. A nan Sa'adiyya ta san Munzali, a nan so ya shiga tsakaninsu. Amma yau tashar ta yi tsit. Motocin Gwaram na jere, babu wadda ke lodi, ɗalibai sun yi cirko-cirko suna kallon sama.

Munzali ne a kan layi. Yana hango Baba Barau da Sa'adiyya sun shigo tashar ya cire takalmi ya durƙusa a cikin caɓi.

"Baba, ku gafarce ni. Waɗanda suka dawo ɗazu sun ce ruwa ya hau kan kwalbatin da ke gaba, yana cin gindinsa. Ba zan iya tashi da ku yau ba."

Sa'adiyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A ƙasarmu, mai neman aure ko wuta surukinsa ya ce ya shiga, "to" yake cewa. Balle a tsakiyar tasha, a gaban 'yan makaranta.

"Tun ba a ba ka ba ka fara gwada mini isa?" in ji Baba Barau. "To ka gaya wa manyanka kada su wahalar da ƙafarsu gobe."

Nan take wani direba mai rawar kai, wanda ba shi ne a kan layi ba, ya ce shi zai kai su, ruwa ai ba yau aka fara shi ba. Baba Barau ya daka wa Sa'adiyya tsawa ta shiga. Ta shiga, hawaye na zuba. Haushin Munzali take ji da ya tona mata asiri, tana kuma tsoron kada ya zama gaskiya ya faɗa.

Ba su bar gari sosai ba aka sake kecewa da ruwa. Gonakin dawa duk sun kwanta, ƙauyuka ba kowa a waje, ko mota ɗaya ba su yi kiciɓis da ita tana dawowa ba. Fasinjojin da suka shigo da dariya duk sun sha jinin jikinsu, wata tsohuwa na ta jan carbi. Da Sa'adiyya ta waiga, sai ta ga motar Munzali a bayansu, ba kowa a ciki sai shi. Ya bar layinsa ya biyo su, abin da ƙungiyar tasha ba ta yafewa.

Kafin su ga kwalbatin suka ji ƙugin ruwan. Ja ne wur, ya shanye titi, yana tafe da karare da rassan itace. Direbansu ya gyara zama ya ce kowa ya riƙe da kyau, da gudu ɗaya zai tsallake. Kafin ya taka, Munzali ya sha gabansu ya gicciye motarsa a titi, ya zare makulli, ya fito ya sake durƙusawa cikin ruwan sama.

Baba Barau ya fita a fusace ya ce ya kau da motar. Munzali bai motsa ba. Baba Barau ya ɗauke shi da mari, ji kake tau! Sa'adiyya ta fito da gudu ta riƙe gefen rigar Baban tana kuka.

"Baba, ku ƙara mini wani," in ji Munzali, kansa a ƙasa. "Ku hana ni ita ma, na haƙura. Amma ba za ku hau wannan ruwan ina kallo ba."

Suna cikin haka aka ji wata irin ƙara. Rabin titin da ke kan kwalbatin ya rufta, ruwa ya yi gaba da shi, daidai inda motarsu za ta bi. Tsohuwar ta saki salati. Direba mai rawar kai ya zauna daɓas a ƙasa.

Baba Barau ya daɗe yana kallon ramin, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya dubi 'yar ƙaninsa. Da kansa ya sunkuya ya ɗago Munzali.

"Tashi, ɗana. Mai da mu Birnin Kudu. In ruwa ya janye, ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura auren, Baba Barau da bakinsa ya ba da ita. Har yau Sa'adiyya kan gaya wa ƙannenta mata cewa kada su auna saurayi da yawan "to" ɗinsa. Mai ƙaunarki na gaskiya shi ne wanda zai yarda ya rasa ki, ya sha mari ya yi haƙuri, muddin dai za ki kwana da ranki.