Kilo Arba'in da Huɗun da Suka Ɓace

Ranar farko da ta kai wa mahaifinta saƙo wurin aiki, ta ga wani mai kai fari fat a bakin tanderu, sai ta rusuna.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya juyo yana dariya. Ashe saurayi ne, ƙurar farar ƙasa ce ta yi masa furfura. Tun daga ranar take kiransa Tsohona, shi kuma yana ce mata Malama, don kemistiri take karanta. Kafin wata uku soyayya ta yi nisa.

Mahaifinta kuwa tsohon mai awon hatsi ne, bai daɗe da sayen wurin gasa dutsen farar ƙasan nan ba. A saninsa, abin da ka ɗora a sikeli shi za ka sauke. Mai kula da sito, wanda shi ma yake sonta, ya raɗa masa cewa duk kilo ɗari na dutse da aka gasa, hamsin da 'yan kai ake fitarwa, wai saurayin ke sace sauran.

"Ba zan ba ɓarawo 'yata ba," in ji mahaifin.

Saƙo ya shigo wayarta: "Malama, wallahi ko tsakuwa ban ɗauka ba. Amma ban san inda sauran yake zuwa ba."

Ta amsa: "Ni na sani, Tsohona. Kwantar da hankalinka."

Ta sami mahaifinta da takarda.

"Abba, duba. A dutsen nan kalsiyam arba'in ne, kabon sha biyu, oksijin uku arba'in da takwas, ɗari ke nan. In ya sha wuta, kabon da oksijin biyu su tashi su bi iska, arba'in da huɗu. Saura hamsin da shida."

"Dutse ya bi iska? Soyayya ce ke lissafin nan."

"To auna da hannunka."

Ya auna kilo ɗari, ya kafa kujera a bakin tanderu, ko abinci a nan ya ci. Da aka sauke, sikeli ya nuna hamsin da bakwai.

"Yashin da ke cikin dutsen ne ya ƙara ɗayan, Abba."

Ya daɗe yana kallon bututun hayaƙi, kunya ta kama shi. Sannan ya kira saurayin ya nemi gafararsa a gaban ma'aikata.

Ranar ɗaurin aure ya riƙe hannun ango, idonsa ya ciko.

"Allah Ya yi muku albarka. Ɗari cif na ba ka, ɗana. Wannan kam, ko kilo ɗaya kada ya bi iska."