Wasiƙu Goma Sha Ɗaya Zuwa Ga 'Yar Shugaba

Wata ranar Talata aka kira mai gyaran fiyano gidan shugaban ƙasa, domin za a yi baƙi ranar Asabar, fiyanon babban falo kuwa ya koma kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ni Roscoe na buɗe masa ƙofar baya. Shekara talatin da ɗaya ina tura keken wasiƙu a gidan nan, ban taɓa zama a aji ba, amma shugabanni biyar suka zo suka tafi ina nan daram. Saboda haka abin da na gaya muku, ku riƙe shi.

Lenora, autar Shugaba Whitlock, ta sauko neman littafinta, sai ta ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin fiyano.

"Wai wa ke buga abin nan?" in ji murya daga ƙasa.

"Ni ce."

"To ki ji tsoron Allah, kin kusa kashe shi."

Da ya zuro kai ya ga wadda ya gaya wa haka, sai ya zabura har ya bugi katako. Lenora ta tuntsire da dariya, irin wadda rabonta da yi tun shigowarsu gidan wata huɗu da suka wuce. Sunansa Alvin Kessler, mutumin jihar Ohio. Aikin yini ɗaya ne, amma sai da ya ja shi kwana uku, kullum tana zaune a gefe tana miƙa masa abin da bai nema ba, mai tsaron lafiyarta yana tsaye a bakin ƙofa kamar dashe.

Ranar ƙarshe ya ce, "Gobe zan koma gida, Makashiyar Fiyano. In na rubuto za ki amsa?"

"Ka rubuto ka gani," ta ce, tana kallon takalminta.

Ba ta tambaye shi adireshi ba. Shi ne zai fara, ai.

Ga abin da ba ta sani ba. Wasiƙu dubbai ke shigowa gidan kullum, a ƙasa ake buɗe su, a buga musu hatimi, a aika wa mai ita bugaggen kati na godiya. Wadda kawai ke hawa sama a rufe ita ce mai ɗauke da wata lamba ta sirri a bayan ambulan. Mahaifiyarta ce ta raba wa dangi da aminai lambar tun farko, don haka Lenora ta ɗauka duk wasiƙar da aka rubuto mata tana isowa.

Kullum da safe tana tsaye a saman matakala. "Baba Roscoe, babu tawa?"

Sai in miƙa mata ta gwaggonta. Ta karɓa, ta yi godiya, ta koma ɗaki a hankali.

Wata ɗaya, wata biyu, wata biyar. Ba ta iya fita ita kaɗai, ba ta iya tambayar kowa ba tare da maganar ta kai kunnen 'yan jarida ba. Fiyanon ma ta rufe shi. Shi kuwa Prescott, ɗan wani sanata, kullum Lahadi yana nan da furanni da labarin dokinsa.

"Yaron nan yana da hankali," in ji mahaifiyarta. "Shekararki ashirin da shida, Lenora. Wa kike jira?"

"Ba kowa, Mama."

"To ki ba shi amsa kafin Kirsimeti, kada ki riƙe ɗan mutane."

Ta ce to.

Shugaba yana da al'ada: duk Juma'a a hawo masa da wasiƙun talakawa guda goma, ya karanta wa iyalinsa wajen karin kumallo. Juma'ar farko ta Disamba ya ɗauki ta huɗu, ya gyara tabarau, ya fara:

"Ranka ya daɗe, ba aiki nake nema ba, ba kuma ƙara na kawo ba. Na rubuta wa 'yarka sau goma sha ɗaya, sau goma sha ɗaya an aiko mini da kati iri ɗaya wai ana godiya da goyon bayana. Na gane amsar. Roƙona kawai a gaya mata na daina, kada ta ƙara wahalar da ma'aikata. A kuma gaya mata kada a bar fiyanon kusa da murhu. Alvin Kessler."

Cokali ya suɓuce daga hannun Lenora.

Shugaba ya dube ta ta saman tabarau. "Auta, wane ne wannan?"

"Shi nake jira, Baba."

"Mai gyaran fiyano? Ga zaɓen majalisa yana tahowa? Jaridu za su cinye mu ɗanye. Mutumin ma ya ce ya daina. A bar maganar."

Ba ta yi musu ba. Ta tashi ta sauka ƙasa, inda ba a taɓa ganin 'yar gida ba. Madam Oglesby, shugabar ɗakin wasiƙu, ta ɗauko fayil ta ajiye, amma ta ɗora hannu a kai.

"Ki karanta a nan, 'yata. An buga musu hatimi, sun zama takardun gwamnati. Ba sa fita."

"Amma ni aka rubuta wa."

"Na sani. Ba sa fita."

A tsaye ta karanta. Ta farko ta ce:

"Makashiyar Fiyano, na iso lafiya. Yau na gyara na coci, fasto ya ce aiki ya yi kyau, ni kuwa na ga ya rasa wani abu, babu mai miƙo mini guduma lokacin da nake neman zare. Ki amsa ko da layi ɗaya ne."

Ta tara kuwa gajera ce:

"Lenora, kati ya sake zuwa. Na shinshina shi ko hannunki ya taɓa shi. Warin inji kawai."

Ta roƙi fensir da takarda, ta fara kwafe su kalma kalma, hawaye na ɗiga tana sharewa da bayan hannu don kada ya ɓata kayan gwamnati. Har azahar tana tsaye.

Da ba a gan ta wajen abincin rana ba, Shugaba ya sauko da kansa. A cikin biyar ɗin da na yi wa aiki shi kaɗai ya taɓa taka matakalar nan, kuma ni na riƙe masa ƙofa. Ya tsaya bayan 'yarsa, ya daɗe yana kallon yadda take kwafe wasiƙun.

"Madam, ki ba ta wasiƙunta mana."

"Ranka ya daɗe, doka ce. Ko kai ba ka iyawa."

Shugaba ya dubi fayil ɗin. Sannan ya ce a hankali, "In na ce jiragen yaƙi su tashi, za su tashi. Amma takarda goma sha ɗaya sun fi ƙarfina." Ya ja kujerata ya zauna. "Ba ni fensirin nan, Auta. Da hannuna zan rubuta masa, kada a kai wa inji."

Ya rubuta:

"Malam Kessler, wasiƙunka ba su kai gare ta ba sai yau, laifin gidana ne. Na so mata wani, ta ƙi. Ka zo ranar Lahadi mu ci abinci. Mahaifin Lenora."

Lenora ta ƙara a ƙasa: "Kada ka daina."

Kwana tara ba amsa. Ta daina ci, tana ganin ya riga ya cire ta a ransa. Ranar Lahadi ta biyu sai ga shi a ƙofar baya, da jakar kayan aikinsa a hannu.

"Me ya sa ba ka amsa ba?" ta ce.

"In sake rubutowa gidan nan? Allah ya kiyaye. Na kai wa fasto da mai gidan waya takardar su duba mini ko hannun mutum ne ya rubuta."

"Jakar fa?"

"In an kore ni, sai in ce fiyano na zo dubawa."

Ta yi dariya tana kuka. "Ba mai korarka, Alvin."

Prescott ya karɓi amsarsa da mutunci. Jaridu suka yi surutunsu na mako biyu suka gaji. Da bazara aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garinsu Alvin, Shugaba ya riƙo hannun autarsa har gaban fasto, mahaifiyarta na goge ido da hankici. Da ya miƙa ta, ya dafa kawunansu duka biyu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya," ya ce. "Ya ba ku gida ƙarami, inda in ɗayanku ya kira, ɗayan zai ji."

Duk cocin aka amsa da amin, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.