Katakon da Aka Ɗaure wa Birki

"Ke Auta, ajiye tiren nan ki zauna! Ba shayi ne ya tara mu ba!"

Umma ce ta daka wa 'yarta tsawa a tsakiyar falo. Baba, mai tireloli uku, yana kan kujerarsa yana kaɗa ƙafa. Yaya, babban ɗansa, ya rakuɓe a lungu kamar kazar da ruwa ya doka. Dogo kuwa, mijin Auta, wanda ya shekara shida yana tuƙa wa Baba mota, yana durƙushe a bakin ƙofa.

Wata takwas ke nan da kotu ta ƙwace lasin Yaya saboda tuƙin ganganci. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da Dogo, Baba da hannunsa ya miƙa wa Yaya makullin tirela, wai kaya ba za su jira ba. A shataletale Yaya ya bi ta kan wani tela a bisa kekensa na hawa, ya karya masa ƙafa biyu, ya diro ya ranta a na kare.

Baba ya yi gyaran murya. "Lauya ya ce inshora ba ta biyan komai idan direba ba shi da lasin. Ni ma da na ba da makulli, da ni za a haɗa. Kai Dogo, lasinka lafiya lau. Ka ce kai ke tuƙi, shi ke nan."

"Baba, ku gafarce ni," in ji Dogo a hankali. "Ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba."

"Butulu!" Umma ta miƙe. "Wa ya ba ka aiki? Wa ya ba ka mata?"

Auta ta tari numfashinta. "Umma, siriyos? Yaya ya take mutum, mijina ya tafi gidan yari? Shi ba ɗan wasu ba ne?"

"Rufe min baki, mara kunya! Ki zaɓa—ko mu, ko shi!"

Hawaye na zuba, Auta ta ɗauki mayafinta ta kama hannun mijinta suka fita.

Abin takaici, Baba bai tsaya nan ba. Washegari ya je wurin 'yan sanda ya rubuta sunan Dogo, Yaya ya sa hannu a matsayin shaida, ko kunyar Allah babu. Aka zo har ɗaki aka tafi da bawan Allah, ƙullin maganinsa na hannu.

Sati uku Auta tana jigilar abinci zuwa inda aka tsare shi. Umma ta aiko sau biyu a ce mata ta dawo gida, wai za a kashe auren ta huta. Auta ta ce wa 'yar aiken, "Ki ce mata sori, ina da ɗaki."

Wata rana ta tarar Dogo ya rame, ta fashe da kuka a jikin ƙarfen ɗakin da aka kulle shi. "Maigida, iyayena ne suka yi maka wannan. Ka tsane ni ko?"

"Haba, ke da kika bar gidanku domina? Yi haƙuri. Ki dai roƙi lauyanmu ya sa kotu ta duba motar da ido."

Haka aka yi. Alƙali ya tura jami'in duba motoci garejin da aka tsare tirelar, aka kawo Dogo da ankwa.

"Hau ka zauna," in ji jami'in.

Dogo ya hau, gwiwoyinsa suka tokare sitiyari, domin an ja kujerar gaba har ƙarshe. Jami'in ya leƙa ƙasa, sai ga guntun katako yana reto a jikin birki, an ɗaure shi da waya.

"Wannan fa?"

Bakaniken Baba da ke tsaye a wurin ya amsa. "Yallaɓai, ni na ɗaura... Ƙafar Yaya ba ta kai birki sosai. Duk ran da zai tuƙa sai an sa masa."

Ashe katakon ne ya zame a shataletale, birki ya ƙi takuwa. A garin gudu, ba wanda ya tuna ya kwance shi.

Alƙali bai ɓata lokaci ba. Yaya ya tafi gidan yari. Baba, da ya ba mara lasin mota kuma ya yi ƙarya, aka ci shi tara, aka ɗora masa jinyar tela da diyyarsa, sai da ya sayar da tirela ɗaya. Dogo ya fito, wani kamfani ya ɗauke shi aiki a satin.

Bayan wata guda Baba ya yi sallama a ƙofarsu, shi kaɗai, ya tsufa farat ɗaya. "Na zo ku yafe min."

Dogo ya yi saurin shimfiɗa masa tabarma. Auta kuwa har yanzu zuciyarta na ci.

Ta ce, "Baba, mu mun yafe. Amma telan nan ba zai ƙara taka keken ɗinki ba. Kun taɓa zuwa duba shi?"

Baba ya sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a gemunsa. "Ku raka ni."

Son ɗa ba hujja ba ne na miƙa masa abin da zai halaka mutane, kuma wanda ya ba mara lasin makulli, da shi aka yi tuƙin. Auta da Dogo sun yi haƙuri a kan gaskiya, Allah bai kunyata su ba.