Agogon Da Juwairiyya Ta Saya

Tsakar gidan Alhaji Abdulhakeem da ke Azare cike yake da mata ranar Alhamis ɗin nan, saura kwana tara bikin autarsa Jamila. An baje tabarmi, ana yanka atamfar anko, ana gardamar wanda zai zauna a ina ranar dina. Juwairiyya, yayar amarya, ta iso tun da hantsi daga Katagum inda take aure. Ko mayafi ba ta cire ba aka miƙa mata almakashi.

Goggo Yakaka, yayar Alhaji, ita ke riƙe da bikin. Mace ce mai kirki in ciwo ya kwantar da kai, amma bakinta ba ya tsayawa.

"Teburin gaba na ango Fahad ne da abokansa," in ji Goggo. "Ke Juwairiyya, manomin naki fa, a sa shi can baya wajen masu rabon lemo."

Mata suka kwashe da dariya.

"Haba Goggo!" in ji Juwairiyya. "Shi ne fa babban suruki a gidan nan."

"Babba a shekara! Kin ga abin da ke hannun Fahad ranar da ya zo gaisuwa? Agogo ne da in ya ɗaga hannu sai ɗaki ya haske. Naki kuwa in an tambaye shi lokaci sai ya ɗaga kai ya dubi rana!"

"Goggo filis ki bari!" in ji Jamila. "Yaya Juwai, sori, wasa take yi."

Juwairiyya ta yi murmushi, amma maganar ta shige ta har ƙashi. Shekara uku ke nan tana haɗiyar irinta. Mijinta Bahauddeen ya yi karatun aikin gona, ya ƙi zaman jiran aikin ofis, ya koma fadamar Katagum yana noman rani. Ita ta zaɓe shi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa sa ta da-na-sani ba. Danginta ne dai suka kasa yafe masa ƙasar da ke ƙafarsa.

Ba anko kaɗai ya kawo ta Azare ba. Bahauddeen ya dasa albasa, sai maƙwabcin da ke ba shi aron injin ban-ruwa ya karɓe abinsa. Kwana goma ke nan yana jan ruwa da guga, yana shayar da albasar fangali bayan fangali, kuma ruwan ba ya isa. Ya sayar da shinkafar da ya noma da damina kaf, ya tura kuɗin asusunta na banki. Ya ce mata, "Ni in 'yan'uwa suka zo da kuka ba na iya cewa a'a. A wajenki ya fi tsira. In kin je Azare ki biya inji, a ɗoro miki a mota. In muka ƙara sati babu shi, albasar nan ta tafi."

Bayan azahar ta yi sallama, ta nufi layin masu injuna da zuciya a cunkushe. Hanyar ta bi ta gaban wani shago mai ƙofar gilashi. Ta wuce shi da taku uku, sai ta dawo. Kallo kawai za ta yi, in ji ta. Yawancin ɓarna da haka take farawa.

Wani agogo ne kwance a kan farin matashi ɗan ƙarami, sarƙarsa ta azurfa, fuskarsa shuɗiya kamar ruwa mai zurfi. Mai shagon, wani dattijo Alhaji Jalo, ya fito da shi ya ɗora mata a tafin hannu. 

"Orijinal ne, Hajiya. Guda ɗaya ya rage. Na maigida ne?"

Ta gyaɗa kai. Ya faɗi kuɗin. Kusan daidai da na injin.

Da a ce ta fita ta sha iska minti biyar, da shi ke nan. Amma a idonta ta riga ta ga Bahauddeen ya shigo zauren dina, ya miƙa hannu, Goggo ta yi tsit. Ta ciro waya. Kafin hankalinta ya iso inda take, yatsanta ya riga ya danna tiransifa.

"Sarƙar ta yi wa kowa yawa, sai an rage," in ji Alhaji Jalo. "Ki auno min wuyan hannunsa da zare, in cire gaɓoɓin da suka kamata. Amma ki ji ƙa'idata: zuwa jibi Asabar da azahar, in kin dawo da shi yadda yake, zan karɓa. Da zarar na cire gaɓa ɗaya, ya zama naku har abada."

Ba ta ma saurara sosai ba. Tun a bakin shagon ta ɗan ɗaga ledar da ke fuskar agogon don ya fito da kyau, ta ɗauke shi hoto, ta tura gurup ɗin dangi, ta rubuta: "Na Oga ne, sai ranar dina!" Nan take saƙonni suka fara zubowa. Har Goggo ta turo murya: "A'a! Ashe manomi ya fashe!"

Daɗin bai kai ta ko rabin hanyar Katagum ba. Motar na tafiya, akwatin agogon na cikin jakarta, ita kuwa ji take kamar garwashi ta ɗauko.

Bahauddeen na tsaye a tasha yana jiranta, yana leƙen saman mota.

"Ina injin, Juwai?"

"Wai... wai bai iso ba, Yaya. Sai Asabar."

Ya karɓi jakarta ya rataya. "Ba komai. Kwana biyu ne, zan lallaɓa. Kin gaji ko? Na sayo miki kifi."

Ƙaryarta ta farko ke nan a gidan aure, kuma shi da kansa ya ɗauko mata agogon har ɗaki bai sani ba.

Washegari Juma'a tun da asuba ya tafi fadama. Ya dawo ya je masallaci, ya ci tuwo loma kaɗan, barci ya kwashe shi a kan tabarma a inuwar darbejiya. Juwairiyya ta tsaya tana kallonsa. Wata zuciyar ta ce ta tashe shi ta faɗa masa gaskiya. Wata ta ce ai dangi sun riga sun ga hoto, in ta fasa da wane ido za ta dube su? Ta biye wa ta biyun. Ta tsinko farin zare daga keken ɗinkinta, ta durƙusa a gefensa, ta ja hannun rigarsa sama a hankali.

Sai ta ga abin da yake ɓoye mata. Wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum. Inda yake naɗe igiyar guga fatar ta saɓule, ta tsage, ta yi ja, ya ɗaure wani wurin da tsumma. Ta duba ɗaya hannun, haka yake. A nan ne za ta ɗaura agogon. Garin aunawa, zaren ya taɓa ciwon.

Ya zabura. "Wash! Juwai? Me kike aunawa?"

Ta buɗe baki, ƙarya ta biyu ta ƙi fitowa. Kuka ya ƙwace mata. Ta shiga ɗaki ta ɗauko akwatin ta ajiye a gabansa, ta faɗa masa komai: teburin baya, dariyar mata, tiransifa, hoton gurup, ƙa'idar mai shago.

Bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya daɗe yana kallon agogon.

"Yana da kyau," ya ce a ƙarshe. "Albasa kam in ta mutu, wata shekarar sai a sake dasawa. Abu ɗaya nake so ki faɗa min. Kunyata kike ji?"

"Wallahi a'a, Yaya!"

"To don wa kika saya? Ni ban taɓa cewa ina so ba."



Ya miƙo mata hannun nan mai ciwo. "A wajenki na ajiye kuɗin, ke za ki yanke. In sai da wannan za ki iya tsayawa kusa da ni a gidanku, ga hannun, auna. Zan ɗaura, ba kuma zan ƙara tayar da maganar ba."

Juwairiyya ta dubi zaren, ta dubi hannun. Ta cukuikuye zaren ta jefa a murhu. Ta ɗebo ruwan ɗumi da gishiri da man kaɗanya, ta zauna tana wanke ciwon, hawaye na ɗiga a kai.

"A hankali mana, likita!" ya ce yana yamutsa fuska. "Gishirin ruwan ya isa, ba sai kin ƙara da na ido ba."

Ta yi dariya cikin kuka. 

Asabar suka shiga motar farko. Motar ta tsaya ɗaukar buhuna, ta tsaya sauke awaki, ta tsaya shan mai. Juwairiyya ba ta daina salati ba. Sun isa shagon ladan na gyaran murya, Alhaji Jalo ya riga ya ɗauko buta.

Ya saka tabarau, ya ƙirga gaɓoɓin sarƙar ɗaya bayan ɗaya, ya juya agogon gaba da baya. Sai ya tsaya.

"An ɗaga ledar nan."

 "Ni ce, Alhaji. Hoto na ɗauka. Wallahi ko gwada shi ba a yi ba!"

"'Yan zamani da hoto!" Ya girgiza kai, ya ɗaga agogon wajen haske, ya daɗe yana dubawa. "To, babu ƙarzuwa, sarƙa kuma a cike take. Magana na yi, zan cika. Amma zan cire wani abu, don duk mai saye zai ga an taɓa."

"Cire, Alhaji! Cire, Allah Ya saka da alheri!"

Da wayarta ta yi ƙara, saƙon banki ya shigo, sai ta zauna a kan benci. Bahauddeen ya sayo mata ruwan leda, ta shanye biyu a jere. Abin da aka cire ta cike shi da kuɗin da ta ware na sayen leshin dina, ta ce atamfar anko ma ta ishe ta. Kafin la'asar an ɗaure sabon inji a saman mota, ita kuwa duk ramin da aka faɗa sai ta leƙa ta taga ta ga ko yana nan.

Da yamma ta bi shi har fadama. Ganyen albasar ya fara kwantawa, bakinsa ya yi rawaya. Ya zuba mai, ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu. A na uku injin ya yi tari ya kama. Ruwa ya yunƙuro ta tiyo, ya bi magudana da gudu, ya shiga fangali na farko, ya cika shi, ya wuce na gaba. Aikin da yake yi tun asuba har azahar, kafin magariba an gama. Juwairiyya ta cire takalmi ta tsaya cikin ruwan, tana ta faɗin "Alhamdulillahi" kamar ba ta san wata kalma ba.

Saura dangi. Ranar biki suna shiga gida gaisuwa, mata suka yi caa, kowacce idonta a kan hannun Bahauddeen. Babu komai sai tabon igiya da ya fara warkewa. Goggo Yakaka ba ta iya haƙuri ba.

"Kai suruki, ina agogon da aka cika mana waya da shi?"

Ya durƙusa cikin ladabi. "Yana fadama, Goggo. Na bar shi yana ba albasa ruwa."

Kafin a fara dariya Juwairiyya ta matso ta tsaya daf da shi. "Ni na yi wautar, Goggo. Kuɗin injinsa na ɗauka na saya, don in rufe bakin mutane. Na mayar. Mijina ke nan, da agogo ko babu, kuma duk inda aka sa shi a nan zan zauna."

 Alhaji Abdulhakeem, da ke fitowa daga ɗakinsa, ya ji komai. Ya kama hannun surukin nasa ya juya shi, ya ga tabon, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Ke kuma Yaya Yakaka, a bar yaran nan su sarara haka." Goggo ta taɓe baki ta ce ita ai wasa take yi, amma daga ranar ba a ƙara jin ta ba.

Albasa ta yi kyau a shekarar, har motoci suka riƙa zuwa ɗauka a bakin gona. Da aka gama sayarwa Bahauddeen ya saya wa matarsa leshin da ta haƙura da shi, ya ƙara da na Goggo, ta karɓa tana ta sa albarka.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Duk abin da kika ji zuciyarki na cewa saya yanzu-yanzu, ki fita ki sha iska, ki tambayi kanki don wa za ki saya. In don masu dariya ne, su gida za su koma su yi barcinsu, ke da mijinki za a bari da ramin. In kuma kin riga kin yi kuskuren, ki faɗa da bakinki tun ana iya gyarawa. Juwairiyya ta sha kunyar yini ɗaya a gaban dangi, ga ta nan a ɗakinta hankali kwance. Allah Ya ba ku mazaje masu haƙuri irin mijinta, ku kuma Ya ba ku hankalin riƙe su.